Hular waldana ta daina yin duhu, wa as san kan abin nan?

Bello Mai Walda: Salamu alaikum 'yan gida. Don Allah wa as san kan hular waldan nan mai yin duhu da kanta? Wata huɗu ke nan da na saye ta, tana aiki lahiya lau, kana ganin ƙarhenka garau, kana ɗosa sanda wuta ta kama sai gilashin shi yi baƙi nan take. To jiya ina haɗa ƙyauren wani Alhaji a Mabera sai tad dinga yi min wasa, wani ɗosi ta yi duhu wani ɗosi ta bar ni da hasken tsirara cikin ido. Wajen ƙarhe biyu na dare na tashi awa an zuba min yashi ga idanu, hawaye ba tsayawa, har anka yi kiran assalatu ban runtsa ba. In ta mutu ne ku gaya min in yada ta in huta.

Anti Luba: Subhanallahi, sannu Bello. Kafin a zo maganar hula, kar ka murza idon nan, kuma don Allah kar ka ɗiga madara ko ka sa kwalli, na san halinku masu walda. Hasken ne ya ƙona fatar saman ido, shi ya sa bai nuna maka nan take ba sai da aka yi awa shida zuwa sha biyu. Yawanci kwana ɗaya zuwa uku yana warkewa amma ka je asibiti a haska a tabbatar ba ɗan ɓarɓashin ƙarfe a ciki, don shi wannan ba ya fita da kansa.

Baba Ummaru: Ni dai na gaya maka tun ranar da kaz zo kana nuna muna ita. Shekara talatin da wani abu ina walda da baƙin gilashi na hannu, bai taɓa ce min batir ya ƙare ba. Abin da ka ɗora lahiyar idonka bisa batirin agogo ai ka san ranar kuka tana nan tahe. Ku yaran zamani komi sai mai lantarki.

Bello Mai Walda: Baba a yi haƙuri, amma ai kai ma ka yaba ɗinkin da nike yi da ita 😅

Ɗan Gawon Nama: Aljanin da ac cikin gilashin ne zahin Sakkwato yak kora, ya koma Jos shan iska

Sanusi Mai Gyaran Waya: Hhhh ba aljani ba ne, wallahi abin da ke cikin hular nan ɗan uwan sikirin ɗin da nike canzawa kullum ne a Bello Way. LCD ne, kawai dai shi ba hoto a kai, baƙi da fari kaɗai ya iya. Bello kar ka yada ta tukuna. Malam Kabiru in kana kusa zo ka yi musu karatu, ni hannuna ya san aikin amma bakina bai iya bayani ba.

Malam Kabiru: Wa alaikumus salam, ina nan, yanzu na fito aji. Sannu Bello Allah ya ƙara sauƙi.

Abin ba wuya. Haske yana tafiya ne yana kaɗawa, wani a tsaye wani a kwance wani a karkace. Akwai wata 'yar leda da ake ce ma folaraiza, ku ɗauke ta kamar taga mai sandunan ƙarfe irin wadda Bello ke haɗawa. In ka zo da faifai za ka miƙa ta tagar, in ka tsayar da shi daidai da sandunan ya wuce, in ka kwantar da shi ya tokare. To sai a sa taga biyu, ta gaba sandunanta a tsaye ta baya a kwance. Abin da ya wuce ta farko dole ta biyu ta tare shi, duhu ke nan. Dabarar tana tsakaninsu. Ana zuba wani ruwa siriri ƙwarai, kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na silin gashin kai ba, sunansa likwid kiristal. Ƙwayoyinsa dogaye ne kamar tsinken ashana, kuma an jera su a murɗe kamar igiyar da aka tufka, to hasken da ya shigo a tsaye sai ya bi murɗin nan ya fita a kwance, taga ta biyu ta buɗe masa. Da an ba shi 'yar wuta kaɗan sai tsinkayen su miƙe su bar murɗin, haske ya isa taga ta biyu yadda ya shigo, a tare shi. Ba ƙyaure ba sakata ba abin da ke motsi da ido zai gani. A gaban hular akwai 'yan idanu ƙanana biyu ko huɗu, su ke ganin tartsatsin farko su ce ma batir saki wuta.

Sanusi Mai Gyaran Waya: Duk mai son gani da idonsa ya zo shago. Ina da matattun sikirin cike da kwali, in ka sa reza a kusurwa ka ɗaga a hankali ledar tana ɓarewa, ruwan toka ce tana ɗan warin gam. Ka ɓare biyu ka haɗa su ka kalli fitila ta ciki, sai ka dinga juya ɗaya a hankali, tana dusashewa tana dusashewa har ta koma baƙi ƙirin, ka ƙara juyawa ta washe. Yarana na shago in ba aiki da shi suke wasa. Kuma akwai ranar da wani ya zo a fusace wai na sa masa sikirin na jabu don in ya kwantar da wayar baya ganin komi, ashe tabaran rana ne a idonsa mai irin ledar nan, na ce cire tabarau Alhaji, sai ga hoto ras.

Baba Ummaru: To Malam duk na ji. Ruwa na dai ko? Ruwa cikin gilashi, cikin ranar Sakkwato, gaban wutar walda. Kai da kanka ka san ƙarshen zancen.

Malam Kabiru: Baba a nan kam kana da gaskiya fiye da yadda kake zato. Ruwan yana da iyakar zafin da yake ɗauka, in ya wuce nan jerin tsinkayen ya watse ya koma ruwa kamar kowane ruwa. Ma ta haka aka gano shi. A 1888 wani masanin tsirrai Friedrich Reinitzer a birnin Prag yana dafa wani sinadari sai ya ga ya narke sau biyu, a wajen digiri 145 ya zama ruwa mai gurɓi kamar koko, a wajen 178 ya washe tas. Wannan tsakanin shi ne likwid kiristal. Shekara tamanin abin yana ajiye kamar abin mamaki kawai sai 1968 kamfanin RCA na Amurka ya nuna sikirin na farko da shi. Irin murɗaɗɗen da na faɗa kuma a 1970 Schadt da Helfrich suka fito da shi a Suwizalan. Babbar matsala lokacin ita ce samun wanda zai yi aiki a zafin ɗaki, har George Gray na jami'ar Hull a Ingila ya haɗa wani a farkon shekarun 1970, kuma shi wannan ɗin in shi kaɗai ne a digiri 35 yake watsewa. Ka ga da shi kaɗai aka dogara da a watan Afrilu ba agogon da zai nuna lokaci daga Kara har Arkilla. Sai da aka dinga gauraya su iri iri aka ɗaga iyakar. Duk wanda ya taɓa mance kalkuleta a kan dashbod ɗin mota ya dawo ya iske fuskarta baƙa, ya ga abin da nake faɗi, in ta huce ta dawo. Bello duba takardar hular, yawancinsu suna rubuta iyakar aiki digiri 55.

Bello Mai Walda: Takarda kam tun ranar yara sunka yi jirgi da ita. Amma gaskiya bisa kwanon rufin mai shayi nike aje ta in za ni sallar azahar

Ɗan Gawon Nama: Bisa kwano!! Ai ko ƙwai ka aje nan ka dawo ka iske an soya

Malam Kabiru: To ka daina. Amma akwai abin da ke damuna a labarinka. Hula ta ƙwarai tana da wani gilashi daban da ke tare hasken nan mai ƙona ido, shi ba ruwansa da batir, ko hular a kashe take yana aiki. In ta ƙi yin duhu hasken zai kashe maka ido na ɗan lokaci ka ga taurari, amma bai kamata ya kai ka ga yashin dare ba. Ko dai hular ta bogi ce ba ta da wannan kariyar, ko akwai tsaga, ko kuma akwai abin da ba ka gaya mana ba.

Baba Ummaru: Tambaye shi dai.

Injiniya Shehu: Ina ta karantawa daga wajen aiki ina dariya. Baba Ummaru ranka ya daɗe, saƙon nan da ka rubuto kana zagin gilashi mai lantarki, sai da ya ratsa 'yan uwan gilashin nan kafin ya iso wayar Bello fa. Mu a wayar fayiba abincinmu ke nan.

Baba Ummaru: Ni ɗiyana ka rubuta min, ni hwaɗa nikai. Yi bayani mu ji, amma ban da turanci.

Injiniya Shehu: To Baba. Wayar da kuke gani muna binnewa a gefen titi ba tagulla a ciki ko kaɗan, ina ma ɓarayin waya za su ji wannan su bar mu mu huta. Zaren gilashi ne, kaurinsa maikuron 125 wato kamar gashi ɗaya, kuma hanyar da hasken ke bi a tsakiyarsa wajen maikuron 9 ce kacal. In zan haɗa biyu da suka tsinke sai na feƙe rigar, na goge da sifirit har sai ya yi ƙara ƙiii, na yanke da wata 'yar na'ura, na kwantar da su cikin injin haɗi ya nuna min su a sikirin kamar sanduna biyu, sannan ya saki tartsatsi ya narkar da bakinsu su zama ɗaya. Ka ga ni ma ɗan walda ne Baba, nawa dai ƙura ɗaya ta hunturu in ta sauka a bakin zaren aikin ya ɓaci sai a sake.

Saƙo a ciki haske ne na leza wanda ido ba ya gani, ana kunna shi ana kashewa sau biliyoyi a daƙiƙa ɗaya. A dogon zango ba fitilar ake kashewa ba, ita a kunne take, ƙofa ake sa mata a gaba. Shekaru da yawa ƙofar da aka fi ji da ita ta wani dutse ce mai suna litiyom nayobet. Ana raba hasken biyu ya bi layi biyu a jikin dutsen, in an sa wuta a layi ɗaya sai na nan ya ɗan yi jinkiri, to da sun sake haɗuwa tudun wannan ya faɗa kwarin wancan kamar igiyar ruwa biyu sun gamu, su kashe juna, duhu. A cire wuta su iso tare, haske. Wani Bajamushe Pockels ne ya yi nazarin wannan halin na duwatsu tun 1893, ba waya ba intanet.

Sanusi Mai Gyaran Waya: Wato wannan ba ruwa ba ne, dutse ne. To Baba ya samu abin da zai yarda da shi

Injiniya Shehu: Ruwan ma yana nan, aikinsa ne daban. Shi ba shi da saurin dutsen ko kusa, don haka ba a ba shi rubuta saƙo, raba hanya ake ba shi. Zare ɗaya yana ɗaukar launin haske tamanin ko casa'in da wani abu a lokaci guda, kowane launi da kayansa. Ku ɗauki babbar tasha. Da can duk mahaɗar da aka zo sai an sauke kaya gaba ɗaya, a mayar da haske lantarki, a duba na Gusau a ware na Birnin Kebbi a ware na Illela, a sake mayar da su haske a loda. Injina da yawa, cin wuta, zafi, ga jinkiri. Yanzu akwai akwati da ke baje launukan kamar bakan gizo a kan wani ɗan faranti na likwid kiristal, kwamfuta ta ba kowane yanki nasa wutar, sai kowane launi ya karkata ya faɗa zaren da ake so. Kamasho ne da ke nuna ma mota hanya ba tare da an sauke ko buhu ɗaya ba. Kuma mutum yana zaune a ofis a wani gari zai canza hanyar, ba sai an tashe ni tsakar dare in je in zare waya in soka wata ba.

Ɗan Gawon Nama: Injiniya duk wanga daɗin baki ne. In abin haka shike mi as sa in hadari yat taso ko ba hadari ma sabis shi ɗauke, mutum na tsaye gaban mai POS awa maraya? Ku turo kamashon naku unguwarmu

Injiniya Shehu: Kamasho sai da hanya ai. In hanya ɗaya ce tal ta shigo unguwa kuma mai katafila ya zo gyaran kwalbati ya tsinke ta, akwatin ba shi da inda zai juya hasken. Satin da ya wuce wani ɗan kwangila da ba zan kama suna ba ya yanke mana waya wuri uku cikin kwana biyu, ko sallama bai yi ba, mu muka kwana cikin rami da tocila ana zaginmu a Facebook. Ga dizal na injin da ke ƙarƙashin eriya, ga satar batir. Amma ka tuna ranar 14 ga Maris 2024, cikin azumi, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a wajen gaɓar Kodebuwa, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE? Bankuna suka rikice. Abin da ya sa ba a zauna cikin duhu har a gama gyara ba, an karkatar da kaya ne zuwa wayoyin da suka tsira. Ɗaya daga cikinsu Equiano ta Google wadda ta sauka Legas a 2022, ita ma tun a ƙarƙashin ruwa tana da wuraren da ake juya haske daga zare zuwa zare.

Ɗan Gawon Nama: Na tuna, ranan da bashi nis sha ruwa

Nana Mai Hoto: Assalamu alaikum yayyena, ku bari in sa baki don abin ya zo kan sana'ata. Ni matsalata wurin biki ce, amarya tana cikin ɗaki duhu ana ɗauka, sai a ce an fito tsakar gida rana tsaka, kafin in ɗaura baƙin gilashi a bakin kyamara an gama abin da ake so a ɗauka, hoton ya fito fari fat kamar an watsa gari. Na ga wani da ya zo daga Kaduna yana murza ɗan abu kawai hasken na raguwa sumul ba ya ɗaura komi. Shi ma wannan ne?

Malam Kabiru: Shi ne Nana, ƙanin hular Bello ne. Sony ta fara sa shi a kyamarar FS5 a 2015, likwid kiristal ne a gaban idon kyamarar, gwargwadon wutar da aka ba shi gwargwadon duhunsa, ba sai baƙi ko fari kaɗai ba. Akwai ma wanda ya fi wannan ban mamaki, lens na ruwa. Ɗigon mai da ɗigon ruwa a rufe cikin 'yar kwalba, in an sa wuta sai iyakar da ke tsakaninsu ta lanƙwasa ko ta miƙe, fokas ya canza. Wani Bafaranshe Bruno Berge ya kafa kamfanin Varioptic a 2002 a kan wannan, ana sa shi a na'urorin karanta lambar kaya da kyamarorin masana'anta.

Sanusi Mai Gyaran Waya: Wannan da zai yawaita a waya da na rasa kasuwa ɗaya. Rabin kyamarorin da ake kawo min masu hazo, ɗan injin da ke tura lens gaba da baya ne ya maƙale, ko ƙura ko faɗuwa ko girgizar mashin ga masu ɗaure waya a kan kabu kabu. Ka kara a kunne ka ji yana ƙas ƙas. Amma Malam gyara ɗaya, ka sa mutane za su ɗauka duk waya ruwan nan ne a ciki. Masu OLED ba haka suke ba, su kowane ɗigo da kansa yake ba da haske ba fitila a baya, shi ya sa in sun fashe kuɗin ke sa mutum hawaye.

Malam Kabiru: Na karɓi gyara Sanusi, gaskiyarka.

Hajiya Asabe: Ni dai ina bin ku a hankali. Da muka je Umara jirgin da muka shiga tagarsa ba marufi, wani ɗan maɓalli ne a ƙasa kana dannawa gilashin na yin shuɗi shuɗi har ya yi duhu, na zauna ina ta dannawa kamar yarinya har ta kusa da ni ta harare ni. Amma shi a hankali yake yi ba kamar yadda Bello ya ce nan take ba.

Injiniya Shehu: Boeing 787 ke nan Hajiya. Shi ba likwid kiristal ba ne, wani sinadari ne mai kauri tsakanin gilasai biyu da ke canza launi in wuta ta ratsa shi, shi ya sa yake ɗaukar lokaci. Irinsa ne a madubin wasu motoci da ke dusashewa in na baya ya dalle ka da fitila. Da shi aka sa a hular walda da kafin ya yi duhu mutum ya gama makancewa.

Hajiya Asabe: To akwai na gida? Ina son falon da in baƙi maza sun shigo a danna kawai a daina ganin ciki

Malam Kabiru: Akwai Hajiya, leda ce ake mannawa a gilashi, ɗigo ɗigon likwid kiristal ne a cikin roba. Kuma abin da zai burge ki, sai an ba ta wuta take washewa, in ba wuta fara ce kamar madara ba a ganin komi.

Ɗan Gawon Nama: Alhamdulillahi wannan kam don mu anka yi ta, kullum gidan Hajiya a suturce 😂

Baba Ummaru: Ku tsaya. Kun ce ba abin da ka motsi, kun ce ba abin da ka motsi. Ɗiyana na aiki gidan kallon ƙwallo, ya ce majigin da suka haska bango da shi madubai na cikinai suna rawa. To wa ka ƙarya cikinku?

Injiniya Shehu: Ba mai ƙarya Baba, gida biyu ne. Wancan shi ake kira DLP, Larry Hornbeck na kamfanin Texas Instruments ya ƙirƙiro shi a 1987. Faranti ne da bai wuce farcen babban yatsa da yawa ba, a kansa madubai wajen miliyan biyu in mai hoto garau ne, kowane ɗaya yana karkata dama ko hagu kamar digiri 12 sau dubbai a daƙiƙa, in ya karkata nan haske ya tafi bango in ya karkata can ya faɗa wurin da ke shanye shi. Su kam suna motsi da gaske, wuta ce ke jan su. Mu ma a fayiba akwai akwatunan da ƙananan madubai ke juya haske daga zare zuwa zare, Google na amfani da irinsu a manyan ɗakunan kwamfutocinta. Har yau masu yin kayan nan ba su gama gardamar wanne ya fi ba, madubi ko ruwa, kowanne da inda yake cin kasuwa.

Baba Ummaru: To ashe su ma ba su shirya ba, ni za ku ce in shirya. Ni abin da nis sani, gilashina in ya hwashe ina gani da idona ya hwashe. Wagga kuwa tana mutuwa tana kallonka ba ta gaya maka ba.

Malam Kabiru: Wannan maganar ba ni da amsarta Baba, sai dai in ce shi ya sa masu kyau ke da maɓallin gwaji da 'yar fitilar da ke nuna batir ya yi ƙasa. Wanda tasa ba ta da shi ya gwada da ƙyastu kafin ya fara aiki, wasu ma rimot ɗin talabijin in ka danna a gabansu suna yin duhu. Tun 1981 wani kamfanin Suwidin ya fito da hular Speedglas, ba sabon abu ba ne, kawai dai kasuwarmu ta cika da na bogi masu kwali mai kyau.

Anti Luba: Ku dai kuna ta tarihi, ni yaron nan nake tambaya. Bello ka je asibitin ko kana nan kana karatu da jajayen idanu?

Bello Mai Walda: Na tahi Anti, yanzu nid dawo. Sun haska ba ƙarhe ciki, sun ba ni magani sun ce in huta kwana biyu. Na biya wurin Sanusi ya buɗe hular, batirin ɗan kwabo ne CR2450 ya auna ya ce saura ƙiris, kuma robar gaba duk ta yi tabon tartsatsi da ƙura ta rufe ido ɗaya cikin biyun. Ya canza batir munka goge munka sa sabuwar roba, yana ƙyasta ƙyastu tana yin baƙi tak tak.

Malam Kabiru: Madalla. Saura tambayata ta ɗazu.

Bello Mai Walda: To Malam tunda kun matsa. Da tad dinga yi min wasa haushi yak kama ni na tuɓe ta na aje, sauran ɗosin ƙyauren da ka nay yi su, in kau da kai in runtse ido. Bai hi guda ashirin ba wallahi

Anti Luba: Ashirin!! Bello Allah ya shirye ka

Baba Ummaru: Na sani ai. Tun yana yaron shagona haka shikai in ya ga na juya baya. Gobe ka zo ka amshi baƙin gilashi guda ka aje cikin akwatin aiki, ranar da ta sake ka jawo shi, ba ka tuɓe ba.

Bello Mai Walda: To Baba na gode, in Allah ya so bayan la'asar

Baba Ummaru: Ka taho da hular in duba wanga tak tak ɗin da ido na. Ban ce saye nikai ba. Sanusi kai ma ka ba shi ledar nan biyu da kac ce ana juyawa, jikokina za ni kai ma.